Turancin Wurin Aiki: A Wajabta Shi, Amma Wa Zai Biya?

Shugaban taro, malamai, iyaye da 'yan uwa mazauna Ingila: Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tafi kai tsaye.

An tambaye ni ko ya dace a tilasta wa baƙon ma'aikaci koyon Turanci saboda aikinsa. Amsata ita ce e, ya dace. Na daɗe ina faɗin haka, na kuma daɗe ina shan suka daga abokan aikina masana harshe. Sai dai ina da sharaɗi: wanda ya wajabta, shi zai buɗe aji.

Ba sai na koya muku dokar biza ba, kun bi layinta. Kun san matakin Turanci na B1 da aka daɗe ana nema daga ƙwararrun ma'aikata, kun ji takardar manufofin gwamnati ta watan Mayun 2025 ta ce a ɗaga shi zuwa B2, kun kuma san dokar shige da fice ta 2016 ta ce duk ma'aikacin gwamnati da ke hulɗa da jama'a sai ya iya Turanci sosai.

Ga dalilin da ya sa na ce e. A daren 5 ga Fabrairun 2004, ruwan teku ya rutsa da wasu leburori 'yan ƙasar Sin a gaɓar Morecambe, suna tonon wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo a cikin yashi. Mutum 23 suka halaka. Ɗaya daga cikinsu ya samu ya buga lambar agaji ta 999 yana tsaye cikin duhu, ruwa yana hawa, amma 'yan kalmomi kawai yake da su, ya kasa yin bayanin inda suke. Haɗamar dillalin da ya kai su ce ta kashe su, babu musu. Amma me ya ba shi iko a kansu tun farko? Ba su iya karanta gargaɗi, ba su iya tambayar ɗan gari lokacin dawowar ruwa, ba su iya kai ƙara. Bayan shekara huɗu, wani likita da ya zo daga Jamus aikin wucin gadi ya yi wa wani dattijo a yankin Cambridgeshire allurar kashe zafi ninki goma na ƙa'ida, dattijon ya rasu. Bincike ya nuna likitan ya taɓa kasa cin gwajin Turanci a wani yankin. Sai a 2014 aka ba hukumar likitoci ikon gwada Turancin likitocin Tarayyar Turai.

Abokaina na jami'a suna kiran duk wani sharaɗi na harshe mulkin mallaka a sabuwar riga. Ba zan ɓata lokaci a kan wannan ba. Su da suke faɗin haka da Turanci suke rubuta shi, da shi suke karɓar albashi. Mai goge-goge da ba ta iya karanta takardar albashinta ba, ita ake cuta.

Rigimata ta gaske da hukuma ce, kuma a nan zan daɗe, domin alƙaluma suna hannunmu. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta nuna mutum miliyan 4.1 waɗanda Turanci ba shi ne babban harshensu ba, amma suna jin sa da kyau. Waɗanda ba su iya shi sosai ba 880,000 ne, waɗanda ba su ji ko kaɗan kuwa 161,000. Ku haɗa biyun ƙarshe, miliyan ɗaya da 'yan kai ke nan, ƙasa da kashi 2 cikin 100 na jama'a. Wato a cikin kowane mutum biyar masu wani harshen, kusan huɗu sun riga sun koya. Ina ƙin koyon da 'yan siyasa ke ta yayatawa? Baƙo ya fi kowa sanin abin da rashin harshe ke jawo masa a aljihu.

Yanzu ku koma ƙidayar 2011. A lokacin, 726,000 ne ba su iya sosai ba, 138,000 ba su ji sam. Adadin ya ƙaru a shekara goma. Me ya faru a tsakani? A 2011 gwamnati ta janye tallafin koyar da Turanci a wuraren aiki, ta kuma taƙaita karatun kyauta ga masu karɓar tallafin neman aiki. Kuɗin da ake warewa azuzuwan Turanci na manya ya ragu da fiye da rabi tsakanin 2009 da 2017. Ku lura da wanda wannan ya fi shafa: mutumin da yake aiki, albashinsa bai taka kara ya karya ba, yana tashi daga aikin dare a rumbun kaya da asuba. Shi ne ake cewa ya koyi Turanci saboda aiki, shi ne kuma aikin ya hana shi ajin kyauta a lokacin. Da Firaminista David Cameron ya fito a 2016 da fam miliyan 20 don koya wa mata Musulmi Turanci, ya ɗaura zancen da tsattsauran ra'ayi, ya ɓata wa matan rai, kuɗin kuma bai cike gurbin abin da aka zaftare ba. An kulle rijiya, ana faɗan mutane ba sa wanka.

Ba abin da nake nema da ba a yi a wani wuri ba. Jamus tun 2005 tana da kwas na sa'a 600 na koyon harshe ga baƙi, gwamnati tana ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin. Suwidin tana koyar da baƙi harshenta kyauta.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. 'Yarmu ta yi firamare, sakandare da makarantar jinya duk da Turanci a Kano ko Zariya, amma Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da Birtaniya ta amince masu Turanci ne. Yawanci sai ta zauna jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ta biya kuɗi mai tsoka, sakamakon kuma ya mutu bayan shekara biyu. Wannan kasuwa ce, kariyar majiyyaci ba ta buƙatar haka.

Don haka matsayina bai sauya ba. A auna Turancin da irin aikin: abin da ake nema daga likita da mai ba da magani ba shi za a nema daga mai tsinkar 'ya'yan itace a gona ba, shi abin da yake buƙata shi ne ya fahimci gargaɗin haɗari, ya karanta kwantiraginsa, ya iya kiran agaji. A ba shi wa'adin koyo bayan ya kama aiki. Kamfanin da ya ɗauko shi ya ba shi sa'o'in karatu cikin lokacin aiki, da albashinsa, kamar yadda doka ta ɗora wa kamfani horar da shi kan kariya daga haɗari. Gwamnati kuma ta maido da tallafin da ta janye a 2011.

Mu ma da namu. Maza, ku bar matanku su je aji, ku riƙe yara na sa'a biyu. Shugabannin masallatanmu, ɗakin karatun yara a kulle yake da safe, ku buɗe shi ga manya. Kowa kuma ya rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarsa a wannan makon, ya tambaye shi azuzuwa nawa ne a unguwarsa, kuma mutum nawa ke jiran gurbi.