Daga Filadelfiya zuwa Wurogauri



A makon jiya na sake kallon fim ɗin Philadelphia na 1993, wanda Tom Hanks ya fito a matsayin lauyan da aka kora daga aiki saboda cutar ƙanjamau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da Denzel Washington, a matsayin lauyan da Hanks ya je neman taimakonsa, ya gaisa da shi, da jin sunan cutar sai ya ja da baya, daga can ya garzaya wurin likita. Wa zai ce bai taɓa ganin irin wannan ba a Gwandu ko Kalgo?

Mu ma muna da tamu shari'ar. A 1995 wani asibiti a Legas ya sallami ma'aikaciyar jinya Georgina Ahamefule bayan gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar. Da ta kai ƙara, har hana ta shiga kotu aka yi. Sai a 2012 ta yi nasara, aka ce a biya ta diyyar naira miliyan bakwai. A 2014 Najeriya ta kafa dokar hana tsangwamar masu cutar.

To amma doka ba ta zama da mu a tsakar gida. A nan ake ware wa mace kwano, a fasa aurenta, alhali musabaha da cin tuwo tare ba sa yaɗa cutar. Tsoron bakin mutane ke hana da yawa zuwa gwaji da karɓar magani.

Jama'ar Wurogauri, in maƙwabci ya kwanta, ku je ku duba shi, ku miƙa masa hannu.