Tsoffin Ire-iren Tuffa da Darasin da ke Cikinsu Gare Mu



Mazauna birni daga cikinmu sun saba ganin tuffa jere bisa faranti a bakin titi, ja ko kore, wadda akasari daga Afirka ta Kudu ake kawo ta. Da wuya a ga fiye da iri uku ko huɗu. Alhali kuwa masana sun ƙididdige iri fiye da 7,500 a duniya, asalinsu kuma yana komawa ga dazuzzukan tsaunukan Kazakistan. Abin da ya kori sauran daga kasuwa shi ne ɗan kasuwa ya fi son mai kyan launi da jure doguwar tafiya, ko da ɗanɗanonta bai kai ya kawo ba.

Bari mu kawo misalan tsoffin ire-iren nan. A shekarar 1809 wata yarinya mai suna Mary Ann Brailsford ta shuka ƙwayar tuffa a garin Southwell na ƙasar Ingila. Daga wannan bishiya guda aka sami irin da ake kira Bramley. Tsami gare ta ƙwarai, ba a cika cin ta ɗanya ba, amma in ta sha wuta sai ta narke lugub kamar fate, shi ya sa matan Ingila suka riƙe ta don girki. Akwai Cox's Orange Pippin, mai ƙamshi, wadda ta haɗa zaƙi da ɗan tsami, ita kam ɗanya ake ci. Egremont Russet fatarta kaushi gare ta, ba ta da kyan gani, amma ɗanɗanonta yana kama da na gyaɗa. A Faransa suna da Calville Blanc, wadda ba ta wargajewa in an gasa ta. Ita kuwa Newtown Pippin ta Amurka sai ta yi watanni a ajiye sannan zaƙinta yake fitowa sosai. Kowace da ranarta, kowace da aikinta.

Abin lura a nan shi ne ƙwayar tuffa ba ta haifar irin uwarta. In an shuka ƙwaya goma, bishiya goma mabambanta za a samu. Hanyar riƙe iri ita ce aure, wato a yanko reshe a ɗaura shi jikin wata bishiyar, kamar yadda masu lambunmu suke yi wa mangwaro da lemo. A shekarar 1856 wani matashi mai rainon itatuwa, Henry Merryweather, ya nemi izinin yankan rassan bishiyar Southwell. Ba don haka ba, da irin bai yaɗu ba. A yau a gandun Brogdale da ke yankin Kent ana kiwon iri fiye da 2,000, don kada ko ɗaya ya salwanta.

Jama'a, tuffa itaciyar ƙasar sanyi ce, ba cewa muke a cika garinmu da ita ba. Darasin muke so a ɗauka. Mu ma muna da namu gadon: dawa kaura da farafara, mangwaro binta siga da ɗan kamaru, da kanya da ɗinya da goruba da ake sarewa kullum don itacen girki da filin gini. Tsofaffin da suka san wace dawa ce ta fi daɗin tuwo, wane gero ne ya fi kyan fura, suna ta ƙarewa, 'ya'yanmu kuma a birni suka tashi.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, a keɓe fili ko da kadada ɗaya ce, a tara tsoffin ire-irenmu a ciki, a ɗauki mai ban ruwa da kulawa. Na biyu, a sa ɗaliban makarantunmu su bi dattawa gida-gida, su rubuta sunan kowane iri da amfaninsa. Kuɗin da wannan aiki zai ci bai kai na walimar taro ɗaya ba, kuma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Muna fatan kafin taron baɗi kwamitin ayyuka zai nuna mana filin. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.