Kafin Mu Ce "Na Saya" Ko "Na Sallama": Jan Hankali Kan Cinikin Gida da Fili

Jawabin da aka gabatar a taron reshen ƙungiyarmu a Achilafiya



Mai girma shugaban reshe, sakatare da ma'aji, iyayenmu da suka yi ritaya, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma godiya da damar da aka ba mu ta yin magana kan abin da ke hana da yawa daga cikinmu barci, wato muhalli. Malamin makaranta yakan yi shekaru masu yawa yana aiki, kuma mafi yawanmu sau ɗaya muke sayen gida ko fili a tsawon wannan lokaci. Ciniki ne da ake zuba adashin shekaru a cikinsa, wani lokaci har da garatuti. Wanda ya yi kuskure a nan da wuya ya sake tara abin gyarawa.

Mu fara da dalilin da ya sa filaye suka yi tsada a yankinmu. Kazaure tana kan babban titin Kano zuwa Daura, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu wadda ɗalibanta da ma'aikatanta ke neman ɗakunan haya. A shekarar 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, a shekarar ce kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa Kazaure. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, siminti da rodi da kwanon rufi suka yi tashin gwauron zabo, masu kuɗi kuma suka ga ajiye dukiya a ƙasa ya fi ajiye ta a banki. Gonakin da muka sani ana noma gero da gyaɗa a bakin gari yanzu an yayyanka su fuloti-fuloti, har a Roni da Gwiwa da nan Achilafiya an ji ɗumin abin. Masu neman saye sun yi yawa, kuma da yawansu sun fi mu kuɗi.

To, me ya rage wa mai albashin firamare a irin wannan kasuwa? Ba za mu iya tsere da 'yan kasuwa wajen tayi ba. Abin da muke da shi shi ne haƙuri, da sanin mutanen gari, da iya karatu da rubutu. Waɗannan su ne jarinmu, kuma su ne dillali mai gaggawa yake son ya raba mu da su idan ya ce, "Akwai wani Alhaji daga Kano da zai kawo kuɗi gobe." Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma filin da ba zai jira mu kwana uku mu yi bincike ba, gara ya wuce mu. Sauri, in ji magabata, ya haifi nawa.

Abu na farko da za mu bincika shi ne: wa ke da ikon sayarwa? Gidaje da gonaki da yawa a ƙasarmu na gado ne, kuma sau da yawa ba a raba ba. Babban wa yakan tsaya ya yi ciniki shi kaɗai, alhali akwai 'yan'uwa mata a gidajen aure, akwai marayu ƙanana, akwai wanda ya tafi ci-rani Legas ko Abuja. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'ar Musulunci ke aiki da shi, akwai haƙƙin da ake kira shuf'a: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon mayar wa mai sayen kuɗinsa ya karɓi wurin. Wanda yake gari ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa yakan faɗi. Wanda ba ya gari kuwa, nasa yana nan har ya dawo. Ku duba abin da wannan ke nufi a wannan zamani: a mayar mana da kuɗin da muka biya shekara uku da suka wuce, kuɗin da yanzu ba zai sayi rabin wurin ba. Saboda haka mu nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuma kowane magaji ya sa hannu da kansa, mata da maza, a kuma ga waliyyin marayu.

Na biyu, takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A yankunan da aka ayyana birni, gwamna ke ba da takardar shaidar mallaka, kuma sauya hannu a kan irin wannan fili yana buƙatar amincewarsa. A karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Shaidar mai unguwa da ta dagaci da ta hakimi tana da daraja ƙwarai, domin su suka san tarihin kowace gona, kuma kada mu yi ciniki a bayan idonsu. Sai dai kada mu tsaya a nan. Mu je sashen filaye na ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar ƙasa a Dutse idan an nuna mana takardar gwamnati, mu tabbatar lambar fulotin da sunan da ke kanta sun dace da abin da ke rajista, ba a kuma jinginar da wurin ba. Mu tambaya ko filin ya faɗa cikin hanya, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko harabar makaranta, ko burtali. Masu saye kusa da layin dogo da fatan diyya su sani cewa dokar ta tanadi diyya ne kan abin da aka raya a wuri, kamar gini da itatuwa da amfanin gona. Ƙasa tsura ba ta kawo abin da suke zato.

Na uku, mu je da ƙafarmu, mu kuma je da damina. Fili da rani duk ɗaya ne, watan Agusta ke fallasa shi. Yankinmu akwai duwatsu da tuddai, ruwa kuwa yana da hanyarsa da ba ya mantawa. Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje masu yawa a Jihar Jigawa, musamman na ƙasa. Idan cinikin ya zo da rani, mu duba alamar ruwa a jikin katangun maƙwabta, mu tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake kwanciya. Fulotin da ya yi araha a cikin kwari, kuɗin ciko da tubalin tushe za su cinye rangwamen. A kira safiyo ko mai awo ya auna a gabanmu, domin abin da aka kira ƙafa 50 da 50 a baki yakan koma 45 a ƙasa. A kafa alamun iyaka da siminti a gaban maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa. Idan ginannen gida ne, mu tafi da maginin da muka yarda da shi ya duba tsagewar bango da rufi da masai da inda kwata ke fita.

Na huɗu, rubutu da biya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Mu da muke koya wa yara rubutu bai kamata mu yi ciniki da baki ba, ko da tsakaninmu da ɗan'uwa ne. Takardar ciniki ta ƙunshi cikakkun sunaye, da girman wuri, da iyakoki huɗu, da farashi da lamba da kalmomi, da kwanan wata, da sa hannun shaidun ɓangarorin biyu. Idan an ba da kafin alƙalami, a rubuta makomarsa in ciniki ya warware. A yanke la'adar dillali tun kafin tayi: idan an ce kashi 5 cikin 100 ne, a kan fili na naira miliyan 2 naira 100,000 ke nan, sai a san wa zai biya. Kuɗi kuma a tura su ta banki zuwa asusun mai wurin da kansa, domin banki ba ya manta abin da ya shaida. Ga 'yan'uwanmu malamai mata muna da kalma ta musamman: abin da kuka saya da guminku, a rubuta shi da sunanku. Wannan bai taɓa mutuncin maigida ba, yana dai kare ku da 'ya'yanku ranar da aka zo rabon gado.

Game da inda kuɗin zai fito, daidai ruwa daidai tsaki. Fili a gefen gari da za mu kewaye mu riƙa gina shi ɗaki-ɗaki ya fi gida a tsakiyar Kazaure da zai haɗiye albashin shekara biyar. Adashi da ƙungiyar gama kai sun fi bashin da ake yanka daga albashi da riba mai nauyi. Wanda ya ga ana cire masa kashi 2.5 na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ya bi sawun lissafinsa, domin kuɗinsa ne.

Yanzu ga masu sayarwa, don a cikinmu akwai waɗanda suka gaji gona a bakin gari, dillalai na yi musu sallama safe da yamma. Kada mu ce "na sallama" sai mun san inda za mu mayar da kuɗin, mun kuma ji farashinsa. Kuɗin gida idan ya kwana a hannu, biki da suna da 'yan'uwa mabuƙata sukan same shi, wata shida sai a nemi gida a rasa, a nemi kuɗi a rasa. Mu ji farashi daga bakin mutum uku da suka yi ciniki a unguwar kwanan nan, kada mu dogara da dillali ɗaya. Idan za a biya mu kashi-kashi, a gajarta lokaci, a rubuta ranaku, takardun asali kuma su zauna a hannunmu ko a hannun amintacce har a cika. A ɗaya gefen, mu bayyana aibin wuri: in ruwa na shiga, mu faɗa, in akwai rigimar iyaka, mu faɗa. Addininmu ya hana a sa wani ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau, ya kuma hana shiga cinikin da wani ya riga ya ƙulla. Wanda ya sallama da safe, bai dace ya janye da yamma don an ƙara masa dubu hamsin ba. A gari irin namu, sunan malami ya fi wannan tsada.

A ƙarshe muna roƙon shugabannin reshe da su duba yiwuwar kafa ɗan kwamiti na mutum uku ko huɗu, har da mace da ɗaya daga cikin iyayenmu masu ritaya, wanda duk ɗan ƙungiya zai iya kai wa takardunsa a duba kafin ya biya ko sisi. A kuma tsara samfurin takardar ciniki da Hausa, lauya ya duba ta, a ajiye kwafi a ofishin kowane hedimasta. Abin da ido ɗaya ya tsallake, idanu takwas za su gani.

Allah Ya ba kowannenmu muhalli na halal mai albarka, Ya kare mu daga cinikin da-na-sani, Ya sa mu gama aiki lafiya.