Jawabin Kwamitin Walwala a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya: Lemon Ƙarin Kuzari da Lafiyar Yaranmu



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, direbobi, da 'yan uwa da kuka taso daga ɓangarorin iyaka biyu, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya maimaita mana.

Kowace shekara maganarmu ba ta wuce kuɗin fito, canjin naira da sefa, da yawan shingaye a hanya. Bana kwamiti ya ga ya dace mu taɓo wata haja da ke cikin kayanmu, wato lemon ƙarin kuzari na gwangwani da na roba. Duk wanda ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙonni, ya san ba tashar da ba a sayar da shi. Masu shansa kuwa galibi yaranmu ne: yaran mota, 'yan dako, 'yan kabu-kabu, yaran shago, har da 'yan makaranta.

Abin da ke aiki a cikinsa shi ne sinadarin kafeyin, wanda ke cikin goro da shayi da kofi. Sai dai goro a hankali ake cinsa, ɗacinsa ma yana taka wa mutum birki. Lemon kuwa ga sanyi ga zaƙi, yaro zai shanye gwangwani a tsaye ya nemi ƙari.

Ga lissafin. Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da miligiram 80 na kafeyin, babban gwangwanin Monster mai mililita 500 kuma kimanin 160. A shekarar 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce baligi mai lafiya zai iya shan miligiram 400 a yini ba tare da damuwa ba, amma ga yara da matasa ma'aunin shi ne miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ke nan yaro mai kilo 40 iyakarsa 120. Babban gwangwani guda ya riga ya tsallake da shi, ƙanana uku kuwa sun ninka iyakar, kafin a lissafa shayin da ya sha wurin mai shayi.

Idan kafeyin ya yi yawa, zuciya na bugawa da sauri, hawan jini na ƙaruwa, hannu na rawa, ga fargaba da saurin fushi. Ga yaron da ke da ciwon zuciya a ɓoye, abin na iya kai shi asibiti. Sannan jiki kan ɗauki kusan awa biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, don haka gwangwanin la'asar yana nan yana aiki bayan isha'i. Yaro ya kasa barci, ya tashi a gajiye, ya sake saye. Ranar da bai sha ba kansa ya yi ciwo. Haka sabo ke kama mutum.

Sai sukari. Ƙaramin gwangwanin nan yana da kusan giram 27, wajen ƙaramin cokali bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a yini, kuma ya fi kyau ya tsaya a 25. Ruɓewar haƙori, ƙiba da ciwon sukari suna biyo baya.

Direbobi, ku ba mu aron kunnuwanku. Lemon nan ba ya cire gajiya, rufe ta yake yi, kamar mai bashi ne da aka lallaɓa ya tafi, zai dawo. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa, idan gyangyaɗi ya ɗauki direba daƙiƙa uku kacal, ta ci mita fiye da 60 ba mai riƙe da ita. A cikinta akwai dukiyarmu, akwai kuma rayuka. Mafi muni shi ne haɗa shi da tiramadol, ƙwayar da ita kanta tana jawo farfaɗiya idan an sha da yawa, ko da giya, domin yana ɓoye wa mutum yadda maye ya kama shi.

Wasu ƙasashe sun riga sun ɗauki mataki. Lituwaniya ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 tun 2014, Latbiya ta bi sahu a 2016, Folan kuma a 2024. A Tarayyar Turai dole ne a rubuta a jikin gwangwani cewa bai dace da yara da masu ciki da masu shayarwa ba.

Mun san akwai riba a wannan haja, kuma ba cewa muke a daina kasuwancinta ba. Amma ba sai mun jira doka ba, tunda ɗa na kowa ne. Kwamiti na gabatar da shawarwari huɗu. Na farko, kada ɗan ƙungiya ya sayar wa yaron da bai kai shekara 18 ba, mu kuma faɗa wa masu sari a hannunmu haka. Na biyu, kada mu ɗauko kayan da ba su da lambar rajistar NAFDAC ko ta hukumar ƙasar da suka fito, ko waɗanda wa'adinsu ya ƙare. Na uku, iyayen gida su ba yaransu abinci da ruwa da lokacin hutu, domin yaron da ya ci ya ƙoshi ya yi barci ba ya neman ƙarfin aro. Na huɗu, kada a matsa wa direba ya juyo a daren da ya sauke kaya.

Yaran nan su ne za su gaji rumfunanmu da motocinmu. Muna roƙon taro ya tattauna waɗannan shawarwari, ya amince da su kafin a tashi.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya shirya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.