Kada bakof ya shaƙe maka saba

Yau da ku nake, matasan da ke kula da saba a makarantu, asibitoci da shagunan taki daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi.

Bakof, wato kwafe bayanai a adana a wani wuri, dole ne. Amma fa shi ma aiki ne mai nauyi. Faifan da ke amsa wa masu biyan kuɗi, shi ne dai ake karantawa a kwafe. Kamar ka tsayar da tirelar rake a bakin kasuwar Makarfi ranar da take ci: lodi na tafiya, hanya ta toshe. Ɗalibi na layin rajista, shafi ya ƙi buɗewa, wa'adi na ƙarewa. To ina mafita?

Na farko, lokaci. Kowa zai ce ƙarfe 2 na dare. Ni ina cewa a duba. Idan sabarka a kan sola take, a lokacin batir ya riga ya galabaita, kuma bakof da ya yanke a tsakiya ba bakof ba ne. Duba sa'ar da mutane suka ragu alhali batir na da ƙarfi, sau da yawa bayan Isha'i.

Na biyu, kada ka kwashe komai kullum. Cikakken kwafi sau ɗaya a mako, sauran ranaku abin da ya canza kawai. Aikin rsync ke nan, kuma da --bwlimit za ka ƙayyade masa gudu.

Na uku, a Linux, sa ionice -c3 a gaban umarnin. Ma'ana, bakof ya jira sai faifai ya samu sarari.

Na huɗu, masu MySQL: mysqldump yakan kulle tebura yayin kwafewa, sai rubutu ya tsaya cak. Idan InnoDB kake amfani da shi, ƙara --single-transaction, aiki ya ci gaba. Mai hali kuma ya kafa saba ta biyu da ke bin ta farko, a riƙa kwafa daga can.

Abu na ƙarshe, duk wata ka dawo da kwafin a wata kwamfuta, ka ga ko yana buɗewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku rubuto min ƙarfe nawa naku ke tashi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.