Yadda ake gane ramin da yanyawa ke ciki

Ba kowane rami a daji ke da mai shi ba. Yanyawa, wadda ke zaune a yankin Sahel tun daga Senegal har Sudan, takan tona rami mai baki da yawa, tsawonsa kan kai mita 15, kuma da rana ba za ka gan ta ba, sai dare take fita. To yaya za ka san tana ciki?

Fara da duba bakin ramin. Idan gizo-gizo ya yi saƙa ya rufe shi, busasshen ganye ya taru, an daɗe da tashi. Ramin da ake kwana a cikinsa kuwa, ƙasar gabansa sabuwa ce, ga sawu irin na ɗan kwikwiyo, yatsu huɗu da alamar farce. A gefe za ka tarar da gashin tsuntsu, guntun ƙashi, da kashi mai tsini wanda gashin ɓera da ɓawon ƙwari suka cakuɗe a ciki. Hanci ma zai gaya maka. Rami mai faɗin da yaro zai iya kutsawa, galibi aikin dabgi ne.

In kana shakka, share yashin gabansa da yamma, ka dawo da asuba ka karanta sawu. Amma don Allah kada ka zura hannu, domin maciji na son tsohon rami. Kada kuma ka tura hayaƙi. Ɓerayen da ke cinye maka gero da farin da ke sauka a gonarka, su ne abincin yanyawa, kuma wataƙila akwai 'ya'ya a ciki.