Yadda Za A Hana Shanyewar Ɓarin Jiki Komowa



Ni dai ba likita ba ne. Abin da ya sa na yarda in yi wannan magana shi ne wani dattijo, mai sayar da goro a Agege, wanda ya riƙe ni sa'ad da na fara zuwa Ikko. Ran nan da asuba sai bakinsa ya karkace, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Ya yi mako uku a asibiti, Allah ya ba shi sauƙi, har ya koma rumfarsa yana dogara sanda. Ranar da za a sallame shi aka miƙa masa takarda da ƙunshin magani, aka yi masa bayani da Turanci, shi kuwa don kunya ya ce to. Da maganin ya ƙare bai ƙara saye ba, gama a ganinsa ya warke. Bayan wata bakwai ciwon ya komo, ya tafi da maganarsa. Yanzu yana can gida a kwance.

Wannan ciwo iri biyu ne. Ko dai jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini ta toshe, ko kuwa ta fashe jini ya malala. Wanda ya taɓa kamuwa ya fi kowa kusa da sake kamuwa, musamman a watannin farko, domin abin da ya lalata jijiyar farko yana nan bai tafi ko'ina ba. A Amurka kusan ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu da ciwon ke kayarwa a shekara, karo na biyu ne ko fiye.

To, mene ne ke lalata jijiyar? A shekarar 2018 aka buga sakamakon wani bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Badun ya jagoranta a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya. An duba marasa lafiya 2,118, aka ga hawan jini ne uban tafiya, watau da za a kawar da shi, da wajen tara cikin goma ba su kamu ba. An kuma ga ƙara gishiri a kan abinci da ƙarancin cin ganye suna da hannu. Mu da muka baro zogale da rama a gida muka rungumi tsire da taliya, sai mu lura. Har wa yau binciken ya nuna kashi 32 cikin 100 fashewar jijiya ce. Saboda haka kada wanda ya ari asfirin ɗin maƙwabcinsa. Yana taimakon mai toshewa, amma mai fashewa ƙara masa zubar jini zai yi, kuma sai an ɗauki hoton kai ake rabe su.

Yanzu na juyo gare ku, ma'aikatan jinya. Likita yakan zagayo ya yi 'yan mintoci ya wuce, ku ne ke kwana ku yini da majinyaci, ku ne kuma ke miƙa masa takardar sallama. Don haka a ganina ilimin hana ciwon nan komowa ku ya fi kamata a fara ba. Ya kamata kowace nas ta san ba a ba wanda ya faɗi ruwa ko kunu sai an gwada haɗiyarsa, don abinci kan kauce ya shiga huhu. Ta san yadda ake awon jini na gaskiya: mutum ya zauna ya huta minti 5, hannunsa daidai da ƙirji, abin ɗaurawa daidai da kaurin damtse. Ta san abin da ake nema ga wanda ya taɓa kamuwa shi ne awo ya sauka ƙasa da 130 bisa 80. Ta taɓa jijiyar hannu ta ji ko zuciya na bugawa barkatai, gama irin wannan zuciya kan tara gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa, kuma maganinta dabam ne. Tun da Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya ta wajabta kwas na ƙarin ilimi kafin a sabunta lasin, me zai hana a riƙa maimaita waɗannan abubuwa a ciki?

Amma abin da ya fi damuna shi ne ranar sallama. Bahaushe in ya ce to, ba lalle ya gane ba, sau da yawa girmamawa ce. Ku nemi tafinta, ku zaunar da wanda zai yi jinyar, ɗa ko mata ko yaron shago, sa'an nan ku sa majinyacin ya maimaita muku da bakinsa wane magani, ƙarfe nawa, har yaushe. Amsar ta ƙarshe ita ce muddin rai. Maganin hawan jini da na kitsen jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake bari in an ji sauƙi. Da an sa dattijon nan ya faɗi haka da bakinsa, ina zaton da yau yana rumfarsa.

Mu ma muna da namu laifi. Da mutum ya faɗi sai mu yi karo-karo mu sa shi a mota, a kai shi gida, takardun asibiti kuwa su ɓace a hanya. In har za a tafi, a tafi da takardu da maganin da zai isa, a kuma kai shi asibiti can tun bai ƙare ba. Masu girki su sani Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, watau kamar cokalin shayi guda, kuma dunƙulen magi yana cikin lissafi. Taba sai a bar ta sam. In azumi ya gabato a tambayi likita yadda za a sauya lokacin shan magani, kada mutum ya yanke wa kansa hukunci.

In kuwa kun ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce cikin minti goma, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe da turare. Ku duba agogo ku riƙe lokacin da abin ya fara, ku nufi babban asibiti. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yinta, kuma lokacin nan shi ne abin da za a fara tambayarku.